Tumatirin Ɗaka

Tsadar tumatir ce ta mayar da ni manomi a Aboabo, unguwarmu a Kumasi ta ƙasar Ghana. Duk sanda motocin da ke ɗauko shi daga Burkina Faso suka yi jinkiri, uwargida takan dawo daga kasuwar Asawase da 'yan ƙwayoyi a leda da kuma dogon ƙorafi. Na ce to, mu shuka namu. Tsakar gidan hayarmu siminti ce, don haka gona ta koma ɗaka: bokitan fenti uku a gindin taga.

Suka tsiro gwanin sha'awa, sannan ganye ya fara rawaya yana langaɓewa. Kowa ya ga haka ai ƙishi zai ce, na ƙara ruwa. Ashe ba ni kaɗai Allah ya ba tausayi a gidan ba. Uwargida na juye musu ragowar buta, auta na raba piya wata da su, surukata kuma da ta zo ganin jikoki a kansu take alwala, wai don albarka. Ga bokitan ba huda. Ranar da na tura yatsa cikin ƙasar, warin kwata ne ya tarbe ni, saiwa ta yi baƙi ta ruɓe. Ita ma saiwa numfashi take. In ruwa ya toshe ƙasa iska ba ta shiga, sai tsiro ya yi yaushi alhali ƙafarsa na cikin ruwa. Biyu suka riga mu gidan gaskiya. Na ukun na huda masa gindi da ƙusa, na kafa doka: ba mai zuba ko ɗigo sai saman ƙasa ya bushe.

Sai Hajiya mai waakye, wato shinkafa da wake, ta ji labari. "Malam, toka za ka zuba, haka muke yi a gida." Ta cika mini olonka guda, wato gwangwanin awo, daga murhunta, kyauta. Sabon ganye ya fito rawaya fatau, jijiyoyinsa kaɗai ne kore. Ɗan yayata da ke karatun noma a jami'ar KNUST ya zo, ya dama ƙasar da ruwa, ya tsoma wata 'yar takardar gwada pH, wato ma'aunin tsamin ƙasa, ya dube ni. "Kawu, pH ɗin ya haura 8. Tumatir tsakanin 6 da 6.8 yake so." Wai toka 'yar'uwar kanwa ce, tana kashe tsamin ƙasa, sinadarin ƙarfe kuma yana nan amma saiwa ba ta iya jansa. Muka sake ƙasa. Har yau Hajiya cewa take hannuna ne ba kyau.

Saura haske. Tumatir na son rana awa 6 zuwa 8, tagata kuwa bangon maƙwabci take kallo. Tsiron ya miƙe siriri, ya karkata yana leƙen waje. Yaron ya kawo ƙwan LED na shuka, mai haɗa ja da shuɗi, ya ce a bar shi kamar awa 14. Ya ƙara da cewa tunda ba iska ba zuma a ɗaki, in riƙa girgiza furen da kaina don ya ɗauki 'ya'ya.

To, ku yi tunanin abin da 'yan gida ke gani: tagar magidanci na fitar da haske ruwan malmo har tsakar dare, shi kuma yana tsugune yana girgiza ganye yana ƙunƙuni. Ga mitar gidan ɗaya ce, kuɗin wuta na ƙarewa tun wata bai raba ba. Wasu suka ce wiwi nake nomawa. Masu kyautata zato suka ce sakawa ce, wato damfarar intanet da ake haɗawa da tsafi.

Bayan isha'i Alhaji mai gida ya yi sallama, da dattawa biyu a bayansa. Ya zagaya bokitin, ya shinshina ganye, ya hango tumatir ɗaya tilo da ya fara ja, wanda ko uwargida ban bari ta taɓa ba. Ya tsinke, ya goge a babbar riga, ya gatsa, ya miƙa wa dattawa su ma su shaida.

"Tumatir ne," in ji shi. "Amma da tsami. Daga wannan wata kuɗin wutarka na mutum biyu ne."