Malam buɗe littafin lemun tsami: namu da na Malesiya ba ɗaya ba ne

Akwai ɗan bishiyar lemun tsami da maƙwabciyata ta dasa a tukunya a bakin baranda nan Kuala Lumpur, limau nipis suke ce masa. Ran nan da hantsi na ga malam buɗe littafi yana ta shawagi a kai, baƙi mai ɗigo-ɗigon rawaya, ga jan ɗigo a ƙasan fiffiken baya. Wallahi sai da gabana ya faɗi, don sak wanda muke bi da gudu a bayan gidan kakata a Zariya, har na rantse shi ne ya biyo ni.

Ashe kama da wane ba ta wane. Namu na Afirka sunansa a wajen masana Papilio demodocus, wannan na Asiya kuma Papilio demoleus, sunayen ma sai ka lura. Dukkansu 'yan dangin da ake kira masu wutsiyar tsattsewa ne, saboda yawancin dangin suna da 'yar jela a fiffiken baya, amma su biyun nan ba su da ita sam. Namu ya ɗan fi girma, kuma ɗigon nan na ƙasa in ka duba namu baƙi da shuɗi sun fito sosai kamar ido, na nan kuwa ja ne ya cinye wurin shuɗin ɗan siriri ne a samansa. Amma in yana tashi ba ka isa ka ga wannan ba, shi ya sa ni a ganina tambayar farko ita ce a ina ka gan shi. In Kano ne ko Maraɗi to namu ne, in Indiya ne ko nan to nasu. Yankin Larabawa ne ake samun duka biyun, namu ta wajen Yaman, nasu ta gabas.

Shi kansa na Asiyan ba iri ɗaya ba ne. Na nan ana ce masa malayanus, na Ostareliya kuma sthenelus, kuma shi wannan tsutsarsa ba ma ganyen lemu ta fi ci ba, wani tsiro ne dangin wake. Ga na Asiyan da yawon tsiya, a 2004 aka gan shi a Jamhuriyar Dominika, can tsallaken teku, masu gonakin lemu ba su ji daɗi ba ko kaɗan.

Tsutsar ce ta fi tsaya min a rai. Tana ƙarama baƙa-baƙa ce da fari kamar kashin tsuntsu ya ɗiga a ganye, tsuntsu ya gani ya wuce, in ta girma ta koma kore shar. Na taɓa ta da tsinke sai ta fito da wani abu mai reshe biyu daga bayan kai, da wani wari mai hawa kai, nan take na tuna warin nan a hannuna ina yaro. Mu dai a gida tsutsa tsutsa ce, a kaɗe ta a take da silifa, ba wanda ya taɓa ce min ita ce ke zama malam ɗin da muke yi wa waƙa.

Abin da ke damuna kenan. Mutanen nan har malam buɗe littafin ƙasa gare su, Rajah Brooke, baƙi mai kore kamar an yi masa aikin zare, kuma a tsibirin Penang na ƙasar nan tun 1986 aka buɗe gidan kiwonsu, mutane na biyan kuɗin tikiti su shiga da yaransu. Mu kuwa suna ɗaya muka yi wa kowa, sunan da daɗi kam ba na musu, amma ai ba zai yiwu fari da baƙi da na lemu da na tumfafiya duk su tashi a malam kawai ba. Kuma ba wai ba mu da idon ba ne, fara kaɗai dubi sunayen da muka ba ta, irin su babe, don muna cin ta mun san ta.

Na ce wa ƙanina in damina ta sauka ya duba ganyen lemun gidanmu, ya ɗebi tsutsa biyu ya sa a kwalba da ganye ya huda murfin, ya bar yaran gidan su jira su gani da idonsu. Ni ma tawa tana nan, jiya ta ɗaure kanta da zare a jikin reshe ta daina ci.