Haƙoran nono ma suna buƙatar likita

Wata magana da nake yawan ji a unguwar Aboabo ta Kumasi tana damuna: wai kai ƙaramin yaro wurin likitan haƙori ɓarnar kuɗi ce, tunda haƙoran nono ne, zai yi famfara wasu su fito. Na san dalilin masu faɗin haka. Kuɗin mota da bin layi a asibitin Komfo Anokye ba ƙaramin abu ba ne, haƙoran kuma lallai suna zubewa.

Sai dai ba da wuri suke zubewa ba. Guda 20 ne, na gaba sukan fara zubewa wajen shekara 6, turamen ciki kuwa sai shekara 10 zuwa 12. Su ne ke riƙe wa haƙoran girma gurbi. In kogo ya ci turmi aka cire shi yaro yana shekara 4, na kusa da shi sukan karkato cikin giɓin, sabon ya rasa inda zai fito daidai. Shi ya sa likitoci ke cewa a fara zuwa da zarar haƙori na farko ya fito, kada a wuce shekara 1.

'Yar ƙanwata sai da kuncinta ya kumbura aka kai ta, tana ta kuka, har yau in ta ga farar riga sai ta ɓuya a bayan uwarta. Da lafiya lau ta fara zuwa, duba baki kawai za a yi tana kan cinyar uwar.

Kafin ranar kai yaro wurin likita, a ƙirga masa haƙoransa a gida da wasa, a je da safe bayan ya ƙoshi, kada kuma a tsorata shi da zancen allura.