Kafin ki zargi kanki, auna fayil ɗin

Daren jiya wata ɗaliba ta turo min hoton allon kwamfutarta, saƙonnin kuskure reras. Kwana uku ke nan tana fama da wani fayil na ROOT, manhajar nazarin bayanan kimiyya, mai ɗauke da bayanan wani gwajin fizik da ake kira CMS, wanda ta sauke daga rumbun bayanan da CERN, cibiyar binciken fizik da ke kusa da Janiba, ta buɗe wa jama'a tun 2014. "Malam, na goge manhajar na sake sakawa har sau biyu, ya ƙi buɗewa." Har ta soma cewa ƙila ba ta da kan wannan karatu.

Na ce ta duba nauyin fayil ɗin ta kwatanta da wanda aka rubuta a shafin. Nata ko rabi bai kai ba. Ashe intanet ce ta katse ana cikin saukewa, kwamfuta kuma ta yi gum.

Ga dalilin da guntun fayil ke ruɗa mutum. Manhajar ROOT, wadda René Brun da Fons Rademakers suka fara ginawa a CERN a tsakiyar shekarun 1990, sai lokacin rufe fayil take rubuta jerin abin da ke cikinsa, can wajen wutsiya. In wutsiyar ta yanke, an bar ka da sito cike da buhuna, ba littafin da ya nuna inda aka jibge kowanne. Ita kuwa ROOT za ta yi ƙoƙarin ceto abin da ya rage, wani lokaci har ta buɗe maka rabin bayanan. Wannan ya fi ƙin buɗewar ba ni tsoro, don sai ka zana jadawali mai kyau da bayanai marasa cika, kana murna.

Shi ya sa nake ganin mu malamai muna faro koyarwa daga inda bai dace ba. Muna gaggawar kai yara ga yarukan rubuta manhaja irin su C++ da Python, alhali shafin nan yana ba da lambar tantancewa ta adler32 ga kowane fayil, wadda ke nuna ko ya sauka cikakke, kuma minti ɗaya ya isa a gwada. Wanda ke zaune a Janiba da intanet kamar ruwan famfo yana iya yin sakaci da wannan. Mu da wuta ke ɗaukewa ana tsaka da aiki, ina!

Ba kullum ne laifin saukewa ba, na yarda. Tsohuwar ROOT da ta girmi siga ta 6.20 ba ta karanta fayil da aka matse da hanyar rage nauyi ta ZSTD. Amma wannan tambaya ta biyu ce.

Ta bar shi yana sauka cikin dare. Da asuba ta turo saƙo: "Malam, ya buɗe."