Mabiyanka na TikTok ba naka ba ne

Ƙanwata tana sayar da turaren wuta da humra daga gida a Unguwar Rimi, Kaduna. Ran Asabar da na leƙa su, na tarar da ita a tsakar gida, kasko na hayaƙi a gefe, waya a hannu, rai a ɓace. "Yaya, wallahi sun danne ni," in ji ta, tun kafin mu gama gaisawa. Wani bidiyo da ta ɗauka a gurguje, tana barbaɗa turare a kan garwashi tana surutu, ya zagaya har Maraɗi, mata suka yi ta kira sai da kayanta suka ƙare. Na bayansa kuwa, wanda ta aro masa fitila, ta sake labule, ta yini tana gyarawa, ko 'yan layinsu ba su gani ba. Ta fara zargin wata abokiyar sana'a da kai ƙarar shafinta. Kafin in sha ruwa, zance ya kai ga ko hannu aka sa mata.

Ba na jin kowa ya sa mata hannu. Ta dai yi kuskuren da yawancin masu ɗora bidiyo ke yi a garin nan: ta ɗauka duk wanda ya danna ya bi ta ya zama nata, kamar kwastoman da ya saba da shago.

Tsakaninta da mutanen nan akwai dillali, sunansa algoridim. Lissafi ne da kamfani ya tsara don ya zaɓa wa kowane mai waya abin da zai gani a gaba. Dillalin nan ba ya yi wa mai kaya aiki. Kamfani yake wa aiki, kuma abin da kamfani ke so shi ne ka daɗe a manhajar domin a nuna maka talla. A 2020 TikTok da kansa ya bayyana cewa yawan mabiya ba ya cikin abubuwan da yake dubawa kai tsaye wajen tura bidiyo ga jama'a, haka ma nasarar bidiyoyinka na baya. Abin da ya ce yana ba nauyi sosai shi ne ko mutum ya kalli bidiyo tun daga farko har ƙarshe. Wato kowane bidiyo da ƙafarsa yake tsayawa. Na farkon ƙanwata ya fara da hayaƙi na tashi, ido ya tsaya. Na biyun ya fara da doguwar gaisuwa da godiya ga masoya, kafin ta kai ga turaren, yatsa ya wuce.

Kada a ce na hana dillalin nan haƙƙinsa. Ya buɗe ƙofar da a da take a kulle. Waɗanda suka taso da Rediyon Tarayya na Kaduna sun san abin da ake ji idan an ambaci sunan mutum a Zaɓi Sonka, sai ya yi mako yana ba da labari. A lokacin, mai son a ji muryarsa sai ya bi ta hannun wani: mai shirya shiri, edita, ko uban gida. Yau yaro a Rigasa mai tsohuwar waya zai kwanta ba a san shi ba, ya wayi gari ana kallonsa a Kano da Jidda, ba tare da ya durƙusa wa kowa ba. Wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Sai dai kayan aro ba ya rufe katara. Mai gidan, wato kamfanin, yana canza doka duk ran da ya ga dama, kuma ba ya shawara da ɗan haya. A 2012 YouTube ya karkata daga ƙirga dannawa zuwa ƙirga tsawon lokacin kallo. A 2016 Instagram ya daina jera hotuna bisa lokacin da aka ɗora su. A watan Janairun 2018 Mark Zuckerberg ya sanar cewa Facebook zai fifita abin da 'yan uwa da abokai suka ɗora a kan na shafukan kamfanoni da jaridu, shafuka da yawa suka ga masu karatunsu sun zube ba tare da sun yi laifin komai ba. Wani lokacin ma gidan ne ke rushewa gaba ɗaya. Indiya ta haramta TikTok a 2020. Mu nan Najeriya an dakatar da Twitter daga Yunin 2021 zuwa Janairun 2022. A ƙarshen Satumbar 2021 gwamnatin Kaduna ta sa aka katse layukan waya a wasu sassan jihar saboda 'yan bindiga, aka shafe kusan wata biyu. Mai mabiya dubu ɗari da mai goma duk ɗaya suka zama a waɗannan yankunan.

Abin da ya fi damuna ba wannan ba ne. Tun da dillali motsi yake ƙirgawa, ba ya bambance wanda ya tsaya don ya ji daɗi da wanda ya tsaya don ransa ya ɓaci. Takardun cikin gida na Facebook da tsohuwar ma'aikaciyarsa Frances Haugen ta fitar a 2021 sun nuna cewa akwai lokacin da alamun motsin rai, har da na fushi, ke da nauyin da ya ninka na alamar so sau biyar a lissafin kamfanin. Yaranmu ba su karanta takardun ba, amma sun gano haka da kansu. Sun ga cewa wanda ya koyar da ɗinki a natse yana samun 'yan kallo kaɗan, wanda ya yi wa wata habaici ko ya taɓo malamin wasu sai ya yi tashe kafin magariba. Masu zaginsa a ƙarƙashin bidiyon suna ganin hukunci suke masa, alhali su ne ke tura shi gaba. Kowane "Allah ya isa" da aka rubuta, ƙuri'a ce.

A wani garin ana iya ɗaukar wannan wasan yara. A Kaduna ba mu da wannan sararin. Mun ga rikicin 2000, mun ga na 2011, kuma rikicin 2002 daga rubutu guda a jarida ya tashi, aka rasa fiye da mutum 200. Har yau akwai masu duba agogo kafin su tsallaka gadar kogin Kaduna. Yaron da ke neman mabiya da zancen addini ko ƙabila a wannan gari yana wasa da ashana ne a gidan mai, kuma na'urar da ke ba shi lada ba ta san inda Tudun Wada ko Sabon Tasha suke ba.

Na san amsar da za a ba ni, don na sha jin ta: abinci muke nema, in ban yi ba wani zai yi. To mu zauna mu yi lissafin abincin. Kafin YouTube ya fara raba kuɗin talla da kai a kan dogayen bidiyoyi, sai ka tara masu rajista 1,000 da awa 4,000 na kallo cikin wata 12. Facebook sai a 2024 ya buɗe wa 'yan Najeriya hanyar samun kuɗin talla a bidiyo. Ko an buɗe ɗin, masu talla ba sa biyan kallon mutumin Kawo kamar yadda suke biyan na mutumin Amurka. Ga data da ta ƙara tsada tun da hukumar sadarwa ta amince da ƙarin kashi 50 cikin ɗari a farkon 2025. Yawancin waɗanda na ga wannan harka ta rufa wa asiri, ba kamfani ke biyansu ba. Kaya suke sayarwa, ko wani mai shago a Kasuwar Barci ya ba su tallar atamfa. Shi kuwa mai shagon, in ya ba ka talla sau ɗaya bai ga ƙafa ta ƙaru ba, ba zai sake ba, ko mabiyanka sun cika filin Murtala. Taron da rigima ta tara kallo ya zo, bai zo da kuɗin saye ba. Masu sayen mabiya da 'yan "bi ni in bi ka" sun fi kowa asara, don sun cika shafi da mutanen da ba za su kalla ba.

Na tambayi ƙanwata ina lambobin matan da suka saya a makon tashen. Ta yi shiru. Wasu na cikin saƙonnin TikTok, wasu ta goge don wayar ta cika. Muka ɗauko wani tsohon littafin makarantar ɗanta, muka zauna muna bin kiran da aka yi mata ɗaya bayan ɗaya: suna, lamba, gari, da abin da mutum ya saya. Ba su cika shafi uku ba. Ta ce, "Yaya, waɗannan kaɗai?" Ai kuwa daga cikinsu ne wata Hajiya ta Malali ta sake kira ran Talata, tana son na bikin 'yarta. Fitilar da aka aro ta koma wurin mai ita.