Abin da waya ba ta iya ɗauko min

Duk sanda na saka hoton zanen da na yi a daji, sai an samu mai tambaya: me zai hana ka ɗauki hoton wurin da waya, ka koma ɗaki ka zana a nutse? Na gwada hakan shekara da shekaru, jama'a, kuma ban yarda abu ɗaya ne ba.

Waya tana kama wuri ne cikin ƙiftawar ido ta daskarar da shi. Wanda ya kafa allonsa a bakin kogi kuwa, wurin ba ya tsaya masa. Rana tafiya take yi, kafin awa biyu inuwar da ka fara da ita ta gajarce ta karkata, ruwan ya sake launi. Dole ka duba, ka sake dubawa, ka zaɓi abin da ya taɓa ka, ka bar saura. A wannan dubawar ce ake sanin wuri.

A waje na fara gane cewa inuwa ba baƙa ba ce. Inuwar dutse da hantsi shuɗi-shuɗi take, domin rana ba ta kai mata, hasken sararin sama ne ke sauka a kanta. Tsaunin da ke nesa ya fi na kusa dishi-dishi, saboda yawan iska da ƙurar da ke tsakaninku. Na daɗe ina wuce waɗannan abubuwa da ido biyu, sai da burushi ya tilasta min na gan su.

Magabata a wannan sana'a sun sha wahalar da ta fi tamu, ba su fasa fita ba. A 1821 da 1822 John Constable ya riƙa zana gajimare a Hampstead ta Ingila, yana rubuta kwanan wata da lokaci da inda iska ta fito a bayan takardar. A zamaninsa a mafitsarar alade ake ɗaure fenti, a huda ta idan za a yi aiki. Sai a 1841 wani Ba'amurke mai zane, John Goffe Rand, ya ƙirƙiro bututun kuza da ake matsewa, irin na man goge baki, ɗaukar fenti zuwa daji ya zo da sauƙi. Wanda ya fi burge ni shi ne Claude Monet. Tsakanin 1890 da 1891 ya zana tarin damman hatsi a gonakin Giverny ta Faransa har sau 25, safe da yamma, zafi da sanyi. Da haske ya sauya sai ya ajiye allon da ke gabansa ya ɗauki wani. Mutumin da ya yi haka haske yake bi, damman hatsin hujja ce kawai.

Akwai shekarar da na yi babban rashi, magana ma ta zame min nauyi. Sai na riƙa ɗaukar kayana ina zuwa gindin wata bishiya. Idan na isa tsuntsaye su watse. Bayan rabin awa ina zaune shiru sai su dawo ɗaya bayan ɗaya, wani har ya sauka dab da ƙafata. Ban ce zane ya cire min baƙin ciki ba, amma awa ukun nan zuciyata takan samu abin riƙewa, ina haɗa kore da rawaya ina neman launin ganye guda, ina mamakin ikon Allah.

Zanen da na yi a lokacin yana rataye a ɗakina. Reshe ɗaya ya karkace saboda iska ta ture min hannu, kuma 'yan ƙwayoyin yashi sun maƙale a fentin ta gefen hagu. Har yau idan na shafa wurin da yatsa ina jin su.