Hannu Kawai Za A Ɗauka

(Gindin tsamiya, wani ƙauye a bayan Ringim. Tanko na zaune a tabarma, hannunsa na dama cikin zunguru. Gwaggo mai ƙunshi na gyangyaɗi, Wanzam na wasa aska, Ɗan Birni na ta zagaye da kyamara a wuya.)

Tanko: Gwaggo, tun hantsi fa hannun nan yake ciki, ga la'asar ta kawo jiki.

Gwaggo: Yi haƙuri ɗan nan. Lallen gargajiya ne, da lemun tsami na kwaɓa shi, sai ya jima yake kamawa. Ko in shafa maka dayis irin na 'yan birni ya sale maka fata?

Tanko: Ni dai ban ga abin da ya hana a nemo budurwa ba.

Ɗan Birni: Na nema! Duk zauren da na yi sallama na ce hoto, da sanda ake rako ni. Kai ne kaɗai abokina mai siraran yatsu. Kuma na rantse maka, hannu kawai zan ɗauka, ban da fuska.

Wanzam: To ni ina nawa rabon a aikin nan? Ba ni kuncinsa in zuba masa tsagar Gobirawa, daga gefen baki har kunne. Wannan ko ruwan damina bai wanke ta.

Tanko: Sarkin aska, mayar da kayanka zabira, don girman Allah.

(Aka zare zunguru, aka kankare, aka wanke. Hannu ya yi jawur.)

Gwaggo: Tubarkalla! Rabon da ƙunshina ya kama haka tun bikin 'yar dagaci.

Ɗan Birni: Ɗaga shi saitin rana. Ɗan karya wuyan hannun. Yi yanga mana! Yauwa. Bari in hau tsamiya in nemi sabis in sa a Facebook.

Tanko: Gwaggo, miƙo sabulu in wanke kafin magariba.

Gwaggo: Ka wanke me? Na tafin hannu sai ya yi sati biyu. Na farce kuwa sai farcen ya tofo an yanke, wata da watanni.

Tanko: Innalillahi! Alhamis zan kai sa kasuwar Maigatari, da wane hannu zan gaisa da dillalai? Juma'a kuma gaisuwar surukai gidan su Lantana!

Ɗan Birni: (daga kan reshe) Sa a aljihu. Wa ya san hannunka ne?

Wanzam: Af! Ɗan boko, ƙirga yatsun hoton nan.

Ɗan Birni: Ɗaya, biyu, uku, huɗu, biyar... shida.

Wanzam: Cindo! Duk ƙasar dagacin nan mutum ɗaya ke da shi. Ranar suna na ce a bari in cire, babansa ya ce a'a, alamar arziki ce.

(Wayar Tanko ta yi ƙara. Ya duba, ya miƙa wa Gwaggo hannu na rawa.)

Gwaggo: Salamu alaikum, Alhaji. Lafiya ƙalau. To... to, zan faɗa masa.

Tanko: Baban Lantana ne ko? Ya fasa?

Gwaggo: Bai fasa ba. Cewa ya yi in tambaye ka, ranar sa lalle kai za a fara kamawa ko amarya?