Ba kullum batir ne ke hana tarakta tashi ba

Abin yana damuna: ƙaramar tarakta ta dawo daga gyara tana wahalar tashi, sai kowa ya ce batir ne. Gaskiya batir mai rauni yakan jawo haka. Amma in ka murɗa makulli ka ji inji yana juyawa da ƙarfi, batir lafiyarsa ƙalau.

Galibi iska ce ta shiga layin dizal lokacin da bakanike ya kwance tiyo ko ya canja filta. Ita iska matsuwa take yi, sai famfon dizal ya kasa tura mai da ƙarfin da zai buɗe nozul, wato bakin da ke fesa mai cikin inji. Don fitar da iskar, sassauta notin fitar da iska da ke saman filta, ka yi ta danna famfon hannu har kumfa ta ƙare, mai zalla ya biyo, sannan ka ɗaure.